Hannun Hajiya Raliatou a Gaban Kotun Lyon

Fiye da shekara ashirin kaina yana hannun Hajiya Raliatou. Shagona na atamfa yana manne da nata na kitso a unguwar Château Rouge ta Paris, don haka ba labarin ji nake ba ku ba. 'Yar Damagaram ce, ta zo Paris da miji, mijin ya rasu ya bar ta da yara uku. Da yatsunta goma ta ciyar da su har suka zama mutane. Idan ta yi miki shuku, sai ki kwana a kansa wata guda bai tashi ba. Ni mai yawan mita ce, ita kuwa ban taɓa jin ta ce wash ba, kuma wannan halin nata yana burge ni yana kuma ƙona min rai.

'Yarta Inès, wadda ke zaune a Bron kusa da Lyon, ita ta ce dole uwarta ta huta. Ta saya mata tikitin irin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, mai tashi daga Marseille. Ana cikin tafiya Hajiya ta dafa ƙarfen matakala za ta sauka, ƙarfen ya ɓalle da ita. Ta faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. Aka yi mata aiki, ƙashi ya haɗe, amma yatsu uku suka ƙi komawa yadda suke. Shago ya koma rabin rufe, masu kitso suka fara tsallakawa gaba.

Da Inès ta kawo maganar ƙara, Hajiya ta ce ta bar wa Allah. Ni na tsaya a kanta. Na ce barin wa Allah daban, barin wa kamfani daban. Lauyan da Inès ta samo, wani saurayi mai sanyin murya da ake kira Walid, ya ce irin wannan ƙara tana da wa'adin shekara biyu, in ya wuce shi ke nan. Sai da Inès ta yi kuka sannan Hajiya ta yarda.

A nan na san shari'a ba ranar tsayuwa gaban alƙali ba ce kawai. Walid ya fara rubuta wa kamfanin takardar gargaɗi, suka amsa da ba da haƙuri. Aka je wurin mai sasanci, ba a daidaita ba. Sai ma'aikacin kotu ya kai musu sammaci, aka shigar da ƙara a Lyon, inda aka sayi tikitin. Batun ƙarfen bai yi wuya ba, domin fasinjoji sun ɗauki hotonsa. Gardamar kamfanin ita ce hannun ya warke. Alƙali ya naɗa likita mai zaman kanta ta duba. Walid ya gaya mana a fili: in likitar ta rubuta an warke, ƙara ta mutu, shagon kuma ba zai kai baɗi ba.

Na raka ta Lyon ganin likitar. Tun a jirgin ƙasa nake yi mata huɗuba. Na ce, "Yaya, in an tambaye ki, ki ce yana ciwo. Ba gaisuwar asuba za ki ba."

Ta ce, "To, Rékia, na ji."

Ba ta ji ba. Ina zaune a ɗakin jira Inès ta leƙo, idonta ja. Ta ce min likitar kotu ta tambayi Mama ko hannun yana damunta, ta ce Alhamdu lillahi. Aka murɗa yatsun, ta cije, ta yi murmushi. Aka ce ta ɗaga kofi, ta ɗaga, har tana ba da haƙurin ɓata musu lokaci. Likitan kamfani, da shi ma aka ba shi damar zama, sai rubutu yake yi.

Raina ya ɓaci, amma na san abin da ke faruwa. Mu haka aka rene mu. Mace ta haihu ba ta yi ƙara ba, sai a yaba mata. Ba a kai wa baƙo kukan jiki, balle wanda Allah ya dawo da shi daga teku da ransa. A wurin Hajiya, ta buɗe baki ta ce ba ta da lafiya butulci ne.

Inès ta koma ciki. Jim kaɗan ta sake fitowa ta ce Mama na kirana.

Na tarar da Hajiya a kan kujera, Walid na tsaye a gefenta, ta fito da kibiyar tsaga gashi daga jakarta. Ta ce wa Inès, "Gaya wa madam, bakina bai iya abin da lauyan nan yake so ba. Amma ta duba aikina." Ta juyo gare ni. "Rékia, cire kallabin, zauna nan."

Ni da ko surikina bai taɓa ganin gashina ba. Walid ya juya ya fuskanci taga, likitan kamfani kuwa ya gyara tabarau. Na harare shi, na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta.

Ta tsaga layi ya fita sumul. Ta kama gashin farko. Na san kamun Hajiya, kamu ne da yake ɗaga miki gira. Wannan ba shi ba ne. Na ji yatsun suna rawa a fatar kaina, gashi yana zamewa. Ta sake kamawa, ya sake zamewa. Ta kai tsakiyar kai da ƙyar, sai kitson ya warware da kansa. Ta sake farawa daga goshi, kuma ta san sarai ba zai yiwu ba, so take su gani da kyau. Ni ce na yi kukan, ina zaune kai ba kallabi a gaban baƙi. Likitar kotu ta durƙusa, ta riƙe hannun, ta sake gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali wannan karon.

Sauran duk jira ne. Rahoto ya fito, lauyoyi suka yi ta musayar hujjoji a rubuce, aka ɗaga zama, aka sake ɗagawa. Ranar sauraro Hajiya ta sha lefaya ta zauna a gaba, ba a ma tambaye ta komai ba. Hukuncin ya zo bayan watanni: laifin kamfani ne, hannun kuma ba zai ƙara yin sana'arsa ba. Kamfanin bai ɗaukaka ƙara ba. Da diyyar ta riƙe shagonta, ta ɗauki 'yan mata biyu aiki.

Na shiga yi mata barka da guɗata a baki, na same ta zaune tana kallon hannunta. Ta ce, "Da ina ce wa kaina zai warke, Rékia. Yanzu alƙali ya rubuta." Ta ciro kibiyar daga jaka ta miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan matan, ta nuna min tabarma in zauna.

Ta ce wa yarinyar, "Ki fara daga ƙeya. Kada ki ja da ƙarfi, mita gare ta."