Ta'aziyyar da na yi a bakin farantin tagulla

In dai ina numfashi, ranar da na ci abincin bikin Kashmirawa a Stains, gefen Paris, ba za ta fita raina ba. In na faɗi haka sai mutane su ɗauka daɗin nama ne ya ruɗe ni. Naman ya yi daɗi, ba musu, amma ba shi ya sa nake tuna ranar ba.

Ina da amini, ɗan garinmu Maraɗi, wanda muka zo Faransa shekara ɗaya. Ɗaki guda muka zauna a gidan ma'aikata baƙi na Montreuil, shi a gadon sama, ni a na ƙasa. Daga baya na koma Lyon na buɗe butik na shadda da atamfa a unguwar La Guillotière, shi ya tsaya Paris yana aika kaya gida. Duk da haka sati ba ya fita ba mu yi waya ba.

Sai mahaifiyarsa ta rasu. Matar nan ɗa ta ɗauke ni. In na je gida, ko kayana ban kwance ba sai na biya wurinta ta dama mini fura. Labarin ya iske ni ranar jajibirin salla, butik cike, na ce bari in rufe in kira shi a natse. Na rufe a gajiye, na ce gobe. Gobe ta yi, na ce waya ta yi kaɗan, da ƙafata zan je. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi arba'in. Daga nan kunya ta hau kaina ta zauna. Duk sadda na ɗauki waya sai in rasa kalmar farawa. Shi ma bai kira ba, kuma da gaskiyarsa. Haka muka share shekara uku.

Akwai wani Bakashmire mai sayar da mayafan ulu da muka sani tun zaman Montreuil, masallaci ɗaya muke salla. Wata rana ya kira ni ya ce zai aurar da ƴarsa.

"Alhaji, ba na karɓar uzuri," in ji shi. "Wazwan zan yi, abincin bikinmu, irin na gida sak. Har masu girki na ɗauko daga can. Kar ka karya kumallo ranar."

Na hau jirgin ƙasa da safe, bayan azahar na iso. An kwashe kujerun ɗakin taron, an shimfiɗa dardumai da fararen yaduka, maza a gefe guda. Uban amarya ya riƙe hannuna yana bayani cewa huɗu-huɗu ake zama, faranti ɗaya kowane huɗu. Ya ja ni har kusurwa ya ce, "Ga wurinka." Ina duƙawa na ga aminina zaune, kusa da wani tsoho, kawun amarya, da ƙanen tsohon.

"Sannu Alhaji," na ce.

"Yawwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Iyakar gaisuwar ke nan. Mu da muke tambayar juna har lafiyar awakin gida.

Aka zago da buta da tasa muka wanke hannu. Sannan aka dire wani babban farantin tagulla a tsakiyarmu, aka ɗaga murfi. Shinkafa ce tuli, an gitta mata tsiren niƙaƙƙen nama ya raba ta huɗu, ga soyayyen haƙarƙari, ga kaza. Na ce a raina, in ci da sauri in yi sallama in kama jirgina. Tsohon ya lura da lomata, ya dafa mini gwiwa, ya ce da ƴar Faransancinsa, "A hankali. Wannan sannu da zuwa ce kawai."

Ashe da gaske yake. Waza, wato masu girkin, cikin fararen kaya, suna shigowa da tukunya da ludayi, su zuba wa kowane faranti, su fita, su dawo da wata. Wannan nama da jar miya, wancan da ganye, wani da nono. Na fara ƙirgawa, na ɓace. Ba wanda ke tashi, ba hanyar tashi ma. Ni da aminina gwiwa na gugar gwiwa, hannunmu na karo cikin shinkafa, kowa idonsa a kusurwarsa.

Can aka kawo rista, dunƙulen naman da tsohon ya ce da guduma ta itace ake dakawa har sai ya yi laushi. Miyarsa ja ce wur. Waza ya zuba ya wuce, miyar ta gangaro gefena. Sai na ga hannun aminina ya tare ta da shinkafa, ya janye dunƙulen zuwa nasa gefen, ya turo mini farin naman da ke gabansa. Tsohon ya tambaye shi dalili.

"Yana da gyambon ciki," ya ce, bai ko dube ni ba. "Yaji ba ya yi da shi."

Tsohon ya yi dariya ya ce barkonon ƙasarsu launi ne da shi, zafinsa kaɗan ne. Ni kuwa na bi hannun aminina da kallo. Shekara uku mutumin nan yana fushi da ni, amma bai manta da cikina ba.

Na sunkuyar da kai, na ce da Hausa, "Allah ya jiƙan Inna. Allah ya sa ta huta."

Hannunsa ya tsaya cikin farantin. Waza ya zo ya zuba wani abu ya tafi.

"Amin," ya ce. "Shekara uku ina jiran wannan."

"Ba ni da hujja."

"Na sani. Da kana da ita da tuni ka kawo." Ya gyara zama. "Da ciwon ya yi tsanani ta tambaye ni a waya, ina ɗanta na Lyon. Na ce kana gaishe ta. Ta sa maka albarka. Ita na riƙe maka duk shekarun nan, na rasa yadda zan ba ka."

Ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishirinsa. Tsohon ba ya jin Hausa, amma ya juya ya kama hira da ƙanensa da harshensu, kamar ba mu a wurin. Har yau ina gode masa.

Daga ƙarshe aka kawo gushtaba, babban dunƙule fari cikin miyar nono. Da shi ake rufewa, kuma ba a mayar da shi ko ciki ya cika. Tsohon ya tura wa aminina ya ce ya raba. Ya raba huɗu, ya miƙo mini nawa, wannan karon yana kallona.

"Ci, Alhaji. Ka rame ma."

Muna shan shayinsu mai ƙamshi uban amarya ya zago yana tambayar ko an ƙoshi. Na ce masa, "Malam, da gangan ka yi ko?" Ya buɗe hannuwa ya ce shi dai wuri ya ga babu kowa, ya zaunar da baƙo. Ya wuce yana murmushi. Aminina ya raka ni har tashar jirgi, muna tafe yana ba ni labarin yadda aka yi jana'izar, da waɗanda suka zo, da abin da ta bar wa jikoki.

Abin da na koya a ranar shi ne, yawancin masu gaba sun riga sun gaji da ita, kowa na jiran a zaunar da shi inda ba zai iya tashi ba. Bakashmiren nan bai yi mana wa'azi ba, bai tambayi mai laifi ba. Abinci ya ba mu, da lokaci. Tun daga nan, in na ga mutum biyu cikin jama'armu sun daina magana, ba na cewa uffan. Sai in sa a yi tuwo, in kira su, in ce kwano ɗaya ya rage a gidan. Na gwada sau biyu. Na farko kowa ya ci ya kama gabansa. Na biyun kuwa, sai da na tuna musu cewa la'asar na wucewa.