Daddawar Inna ranar tseren babur

Ni fa boko bai kama ni ba, amma tatsuniyar kakata Inna ko ɗaya ban yar ba. A Fagge, bayan isha'i, sai ta tara mu bakin murhu tana gasa mana dankali, ta harare ni ta ce, "Angona marar kunya, ga ta nan. Mai gyangyaɗi ba rabonsa."

Akwai wadda take ba ni haushi. Wai barewa da zomo da jimina ne ke tsere gari-gari duk shekara. Inda suka sauka sai a dafa musu abincin garin, su tafi suna yabo, sunan gari ya tashi. To akwai wani ƙauye bayan dutse da hanya ba ta bi, ba wanda ya taɓa leƙa su. Na ce wannan ai zalunci ne, su kai ƙara gun zaki mana. Inna ta ranƙwashe ni ta ci gaba. Wai wata tsohuwa ce ta ɗora miya a mashigar iska. Jimina tana kan gaba ta ji ƙamshi ta karkace, sauran suka bi ta, sun zaci hanya ce.

"Ba a roƙon hanya ta biyo ƙofar gidanka," in ji Inna. "Wuta ake hurawa."

A 2013 ina Dubai, ina kai wa mutane abinci a babur cikin Deira. Mu shida muke kwana a filat ɗaya a Al Warsan. Babbanmu Injiniya Bashir, ɗan Zariya, da sunansa aka kama gidan, kuma tseren babur na duniya ya zame masa ciwo. Ya san wanda ya ci tun kafin a haifi ubana. Lahadi ake tseren, ranar aiki ce a can, sai da magariba muke kallon maimaici, an hana kowa taɓa waya kar ya ga sakamako. Dokarsa: ƙasar da aka yi tseren, abincinta za a ci. Ƙatar, machbus, shinkafarsu da nama. Italiya, taliya. Sifen, shinkafa da ƙwarin teku masu ƙafafu. Japan kuwa ɗanyen kifi, wallahi, ga wuta a gidan.

Na ce, "Yallaɓai, yaushe za a zo kan tuwo?" Ya ce tun da aka fara gasar ba ta taɓa sauka Najeriya ba, Afirka ta Kudu ce kawai, ita ma an daina. Khalas, in ji Larabawa, shi ke nan.

Ni kuwa ina da ƙullin daddawa da kuka, na ƙarshe da Inna ta haɗa da hannunta, ya iso ta jirgin kaya sati biyu bayan rasuwarta. Injiniya ya ce wari yake, ya fitar min da shi baranda. Mutumin da ke cin ɗanyen kifi! Zafi da raɓar Dubai suka fara taɓa shi, na ga in na ƙara sati ɗaya shara za shi.

Ranar tseren Malesiya na gudo daga aiki da wuri, na ture kwakwar da Injiniya ya tanada don abincinsu gefe, na tuƙa tuwo na kaɗa miya, na buɗe ƙofar kicin gaba ɗaya. In zai kore ni ya kore ni. Issaka, ɗan zangon Kumasi mai gadi, shi ya fara tasowa daga gaban talabijin. Sauran suka biyo shi. Injiniya ya zo da faɗa a bakinsa, ya tsaya, ya ce a ba shi kaɗan don ya tabbatar da warin. Malmala uku ya tabbatar. Ba wanda ya ga ƙarshen tseren.

Har yau ba su kai gasar garinmu ba, kuma har yau ina jin haushi. Inna ta yi gaskiya, hanya ta karkato. Abin da tsohuwar ta ɓoye min shi ne, in ta karkato, ƙarƙaf take yi wa tukunya. Loma biyu na samu daga hannun matata Inna.