Adireshin Inbata da Ya Raba Ni da Aikin Babura

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ni da wani tsohon abokin karatuna wanda yanzu ba ya fita sai da kwamfuta a jaka. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a garin Babura ne ya kira mu. Ni nake duba masa injinansa tun da ya kafa wurin, amma wannan karon ya ce mu zo mu biyu, wanda ya gyara shi zai riƙe aikin. Tun a tasha raina ya ɓaci. Direba ya ba shi gidan gaba saboda jakarsa, ni da akwatin ƙarafana aka cusa mu baya kusa da buhun albasa.

Hanya dai ba laifi, gero ya yi kyau hagu da dama, kuɗin mota ne kawai ya haukace. Inda muka tsaya karyawa, mai ƙosai ta kira shi injiniya har da ƙara masa gyara. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

Injin yana da motocin lantarki uku masu juya shi, kowace da akwatin da ke sarrafa gudunta, wanda muke kira inbata. A jikin kowace inbata akwai ɗan kati da take magana da kwamfutar ofis ta cikinsa, kuma kowane kati sai da adireshinsa, kamar lambar gida. An sa sabuwar inbata, kwamfuta ta ƙi ganinta. Ina buɗewa na gano matsalar: sabon katin ya zo da lamba ɗaya, tsohon na kusa da shi ma ɗaya. Na sa sukundireba na murɗa ɗan makunnin zuwa huɗu. Shiru.

Zuciyata ta ce mini katin ba zai karɓi sabuwar lamba ba sai an kashe wuta an kunna. To amma kwana uku ba wuta a garin, da safen nan ta dawo, ga mata sun yi layi da buhunansu, sauran motoci biyu na aiki. A wajenmu wa zai kashe inji da hannunsa alhali akwai wuta? Na ja bakina, na ci gaba da taɓa wayoyin da lafiyarsu lau.

Shi kuwa abokin nawa ya buɗe kwamfuta, ya leƙa katin, ya ce, “Ranka ya daɗe, a kashe komai na minti biyu.”

“A kashe? Yanzu?” in ji mai injin. Ya dubi kwamfutar, ya ce a kashe.

Ana kunnawa inbata ta bayyana a allo. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci kamar ina tauna ƙasa, ina ji mai injin yana ce masa daga yau shi zai riƙa zuwa. Wallahi hassada ta kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ni da ake nema har Roni da Gwiwa!

A hanyar dawowa ya bar gidan gaba ya dawo kusa da ni. “Abokina, ai kai ka gyara,” in ji shi. “Na gaya wa Alhaji, dariya kawai ya yi.”

Mun iso Kazaure bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sanin da ka ji nauyin faɗa ba naka ba ne. Aiki ya tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai, duk hanya ina laluben laifin mutumin nan don in ji daɗin ƙinsa, ban samu ko ɗaya ba.