Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ranar Talata ce, sati biyu bayan an gama zuba gero a rumbu, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, makarantar boko. Tun da hantsi kamiyon maƙwabcinmu Alhaji Idi, babbar motarsa ta kaya, yake tsaye a ƙofar gidanmu a Dakoro, an lafta masa buhunan wake, aka ɗora tabarminmu da tukwane da turmin Inna a bisa. Majami'armu ce ta tura Baba aikin bishara a arewacin ƙasar Benin, wajen Hausawa da Fulanin da ke zaune can. Da Alhaji ya ji, sai ya ce ai wakensa ma can ya nufa, maƙwabcinsa ba zai shiga motar haya ba yana raye. Ranar ba wanda ya kai ni rawar kai. Na raba wa ƙawayena duwatsun carafkena, na yi wa akuyarmu ban kwana, na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu na huta da jan guga a rijiyar nan mai zurfin tsiya da ke fasa mana hannu.

Ni ce ɗiyar fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan", in ranta ya yi fari kuma "'yar gidan nan". Ƙanena Iliya tana goya shi tana masa waƙa, ni kuwa ko kitso sai ta tura ni maƙwabta. Baba ma, duk karatun Littafi Mai Tsarkin da yake yi safe da yamma, bai tsallake wannan kunyar ba. Na sha zama bayan rumbu ina kuka, ina cewa a kasuwa aka tsince ni.

Da muka iso Kornaka aka tsaya sallama da kakata Iya Hajo, mahaifiyar Baba. Musulma ce, carbi ba ya barin hannunta, ta daɗe da haƙura da hanyar da ɗanta ya bi, amma tafiyar nan ta tsaya mata a rai. Ta dama mana fura, ta sa wa Baba albarka, sannan ta nuna ni da ludayi. "Wannan dai nan za ta zauna. Ɗiyar fari ta kaka ce, ba yau aka fara ba." Na ajiye ludayina. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke. Na dubi Inna, ta juya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Wace uwa ce za ta buɗe baki gaban surukarta ta ce tana son ɗiyarta ta fari? Ai sai a yi da ita a bakin rijiya har shekara ta zagayo. Aka sauko da ƙunshin kayana, Malam Habu direba ya tada mota, Iya ta riƙe mini wuyan hannu gam, ni kuwa don tsabar baƙin ciki ko kukan na kasa.

Motar ta wuce bishiyar aduwar ƙofar gida, ta kusa shan kwanar kasuwa, sai muka ji wata murya daga saman buhuna: "Saratu! Saratu!" Na ɗan jima ban gane ni ake kira ba, don ban taɓa jin sunan a wannan bakin ba. Inna ce tsaye bisa wake, goyo a baya, ɗankwali ya zame, tana dukan kan motar da tafin hannu. Matan unguwa suka riƙe baki. Iya ta dubi motar, ta dube ni, sai na ji yatsunta sun saki. "Oh ni Hajo! Yau na ga abin da ya fi ƙarfin kunya," in ji ta. "Jeki, ja'ira, kafin uwarki ta faɗo." Na zura da gudu ba takalmi, ƙunshin kayan ma sai wata maƙwabciya ce ta biyo ni da shi.

Kwana uku muka yi a hanya. Muka bar hanyar jar ƙasa muka hau gudoro, wato kwalta, kusa da Maradi, muka miƙa yamma: Madawa da warin albasarta, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Taya ta fashe sau biyu, jandarmomi suka yi ta tsayar da mu suna jujjuya takardu. In Malam Habu ya tsaya salla, Baba sai ya ja mu gindin itace mu yi tamu addu'ar, in an gama su biyun su haɗu a kwano ɗaya. Rana ta gasa mu, ƙwarin wake suka shiga zanena, Iliya ya yi mini amai a cinya, amma ni duk daɗi nake ji. Inna ta koma "ke" ɗinta kamar ba abin da ya faru, sai dai duk inda muka zauna ƙafarta na jingine da tawa. Ban gama sakin jiki ba sai a Gaya, inda na fara ganin kogi, ni da na saba leƙen ruwa a ƙasan rijiya. Da muka haye gada na yi ajiyar zuciya, na san yanzu kam ba mai mayar da ni.

Yanzu bas mai sanyi ce ke bin wannan hanya, iyaye na ƙwala wa 'ya'yan fari kira da suna a tsakiyar tasha ba mai waiwayowa, ni ma haka nake kiran tawa. Inna ta tsufa a hannuna ba ta sake faɗin sunana ba, ban kuma nema ba, sau ɗayan nan ya ishe ni. Iya kuwa ta rasu kafin mu dawo. Sai da na haihu na tuna cewa Baba ɗanta na fari ne, tana tsaye tana kallo motar ta tafi da shi. Ita ba ta kira ba.