Hwarar Saniyar Kawu Dauda

Ummuhani ɗiyar makiyaya ce daga gefen Dogon Kiriya, kuma a ruga ta koyi magana kafin lakkol, wato makarantar boko, ta ɗauke ta. Da ta je Yamai karatun kwamfuta, ranar farko ta ce wa wata za ta tahi kasuwa sayen hura, ɗaki ya ɗau dariya. Yarinya ce mai zuciya. Ta riƙa gyara bakinta a ɓoye, tahi ta koma tafi, hwari ya koma fari, har ta kai babu mai gane daga Arewa ta fito. Abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da ta gama sai ta dawo Dogon Dutsi, ta kama ɗan shago, tana yi wa ’yan kasuwa shafukan intanet. Amma aikin da ta fi so shi ne wanda ba ya kawo mata ko sisi: shafin cigiyar dabbobi. Wanda dabbarsa ta ɓace ya shiga da wayarsa ya bayyana kamanninta, wanda ya tsinci wata shi ma ya bayyana, shafin ya haɗa su.

Duk wahalar tana cikin ɗan akwatin da ake rubuta alamomin dabba. Ta daɗe tana juya shi. Da farko sarari ne ke raba alama da alama, sai “baƙar ƙafa” ta tsage gida biyu. Ta koma waƙafi, ta tarar rabin mutane ba su san inda yake a waya ba. A ƙarshe ta sa maɓalli babba, ka rubuta alama ka danna, ta zauna a gefe, ka rubuta wata. Abokan karatunta suka ce ta sa shafin ya riƙa gyara wa mutane rubutu. Nan ne ta kafe. Ita da aka yi wa dariya, ba za ta gina abin da zai ja wa makiyayi jan layi a ƙarƙashin maganarsa ba. Kowa ya rubuta yadda bakinsa yake faɗa.

Ana nan, da kaka, sai ƙanen mahaifiyarta, Kawu Dauda, ya kira ta a waya. Saniya ta ɓace masa, kuma ba tasa ba ce. Ta haɓɓanaye ce, irin aron da makiyayi ke ba ɗan’uwansa da garkensa ya ƙare, ya riƙe har ta haihu, ya ajiye ’ya’yan, ya mayar da uwar. Amininsa Munkaila ne ya ba shi ita shekarar da fari ya share masa shanu, ga shi lokacin mayarwa ya yi.

“Hwara ta, ɗiyata,” in ji shi, “da baƙar ƙahwa guda. In ban kai ta ba, da wane ido ni ka duban Munkaila?”

Ummuhani ta ce ya kwantar da hankalinsa. Ta buɗe akwatin ta rubuta fara, ta danna, ta rubuta baƙar ƙafa, ta danna. Shafin ya ce babu. Gobe babu, jibi babu. Kawu ya bi kasuwar Kore Mairuwa da ƙafa, ya dawo hannu biyu. Ita kuwa kunya ta hana ta sakat, don ita ta cika baki a ruga cewa abin nan nata zai yi amfani.

Wata safiya ya sake kira ya ce ya haƙura, gobe zai je ya faɗa wa Munkaila da bakinsa. Ta ajiye waya ta zauna gaban kwamfuta, hawaye na zuba, tana maimaita maganarsa da irin muryarsa. Hannunta ya rubuta abin da kunnenta ya ji: hwara.

Sai ga hoto. Wani manomi a Gecheme ya tsinci saniya cikin karan dawarsa, an ɗaure ta gidan mai gari tun kafin Kawu ya fara kira. Alamomin da ya sa su ne hwara da baƙar ƙahwa. Shafin bai gyara wa kowa magana ba, kamar yadda ta yi alkawari. Ita ce ta gyara wa kawunta tasa, ba ta ma sani ba.

Daga baya ta ɗaure kalmomin biyu, fara da hwara, wuri guda a shafin, wanda ya nemi ɗaya sai duka su fito masa, ba tare da an ce wannan ce daidai ba. Amma a ranar waya ta fara rarumowa.

“Kawu! Kada ka tahi wurin Munkaila hannu wohi. An ga hwarar, tana Gecheme!”

Ya yi hamdala. Can sai ya ce, “Ummu, ke ta? Na ɗauka uwakki ce ka magana.”