Injin da Ya Hana Inna Zama

Mai gyaran kwamfuta yana zaune a ɗakin jira tun safe, idonsa a kan dattijuwar da ke haɗa wa ma'aikatan ofishin shayi. Gajeriya ce, ƙafafunta sun kumbura har sun fi ƙarfin silifas, tana tafe tana dafa bango. A kusurwa an kafa sabon injin ruwan zafi, tsohuwar butar lantarki kuwa tana can saman kabad. Da dattijuwar ta danna injin, kafin ta sauke numfashi kofi ya cika.

Yana rayawa a ransa cewa a da, jiran buta ta tafasa shi ne kaɗai hutunta a yini, don ba a aiken mai gadin ruwa. Yanzu kujerarta ma an jibga mata takardu.

Ta jera kofuna a faranti, ta jingina da bango, ta lumshe ido.

"Inna, shayin fa?" in ji manaja daga ciki.

"Ruwan na kan wuta, ranka ya daɗe."

"Wace wutar kuma?" Ma'aikata suka sa dariya.

Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki farantin, ta ja ƙafa ta shiga.