Muryar da Anti Ta Ƙi Sakawa a Rediyo

Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a Kano, kuma a can na san matar da dukanmu muke kira Anti. Ita ke gabatar da shirin mata na yamma, wanda ake buɗe layi masu sauraro su bugo waya. Ni labarai nake karantawa, daga baya aka haɗa mu muka riƙa gabatar da shirin tare. A Fagge take zaune, ni ma haka, saboda haka sau da yawa adaidaita ɗaya muke hawa idan an tashi aiki.

Tun zamanin kaset Anti ta fara aikin rediyo, kuma akwai wata ɗabi'a da ta taho da ita daga wancan lokaci. Idan ta ɗauki muryar mutum, ba ta barin wurin sai ta kunna masa ya saurara. Takan miƙa masa rikoda ta ce, "Ji kanka tukuna. In akwai abin da ba ka so mutanen gari su ji, faɗa mini yanzu." Mun sha yi mata tsiya a kan haka, don yana cinye lokaci, kuma yana ɓata hira. Na ga ranar da wata mai ƙosai ta ji kanta tana cewa mijinta ba ya ciyar da su, ta dafe baki ta ce a cire. Nan ne hirar ta fi daɗi, amma Anti ta goge wurin a gabanta ba ta ko ja ba.

Wata shekara, gab da Sallah, wani bidiyo ya karaɗe wayoyin mutanen Kano. A Kantin Kwari aka ɗauke shi. An tare wata mata ana zargin ta saci turmin atamfa, ana jan jakarta, ɗankwalinta ya faɗi, tana ihu tana cewa, "Ku sake ni, wallahi ba ni ba ce!" Muryarta ta karye a ƙarshen maganar ta yi wani irin sauti, kuma wannan sautin ne ya ba mutane dariya. Kafin mako ya zagayo wani ya ɗora masa kiɗa. 'Yan mata suna rawa da shi a waya, yara suna kwaikwayonsa a lungu, har a wurin biki na ji an sa. Daga baya 'yan kasuwa sun gano cewa ɗan dako ne ya kai turmin wata mota bisa kuskure. Wannan labarin bai yi nisa ba, don babu wanda ya ɗauke shi a waya.

Manajanmu ya kira mu ofis. Ba mugun mutum ba ne, yana da ma'aikata da masu talla a wuyansa, kuma masu sauraro suna ta komawa waya. Ya ce yana so mu buɗe shirin Juma'a da wannan sautin, sannan mu saki layi mutane su yi ta magana.

"Hajiya, kowa ya sa," in ji shi. "Mu kaɗai muka rage, kamar ba a garin muke ba."

"Yallaɓai, mai muryar ta ji kanta?"

Ya yi dariya. "Ta ji kanta? Duk Kano ta ji ta, har Kaduna."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ta yarda a sa?"

Sai ya daina dariya. Ya ce akwai samari biyu masu barkwanci da suka daɗe suna neman lokacin yamma, kuma masu talla suna son su. In shirin mata ba zai tafi da zamani ba, zai ba su filin. A fili ya faɗa, bai ɓoye ba. Anti ta ce ta ji, amma a bar ta ta nemo matar. In ta yarda, za a sa.

Wani mai sayar da atamfa a Kwari ne ya yi mana kwatance. Ya ce tela ce, 'yar ƙabilar Ibo, a Sabon Gari shagonta yake, kuma ta fi shekara goma tana sayen kaya a layinsu. Muka tari adaidaita a Titin Ibrahim Taiwo. Ba mu yi nisa ba direban ya ƙara sauti, sai ga muryar matar da muke nema tana fita daga lasifika, yana kaɗa kai.

"Ɗana, rage mana wannan," in ji Anti.

"Haba Mama, ai shi ake yayi."

"Na sani. Wurin mai shi za ka kai mu."

Ya leƙo mu ta madubi, ya kashe.

Shagon ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka, an rataye ɗinkunan Sallah a igiya. Matar ta girme ni kaɗan. A Sabon Gari aka haife ta, kuma Hausarta ta fi ta wasu abokan aikinmu kyau. Da Anti ta faɗi inda muka fito, sai fuskarta ta canza, amma duk da haka ta jawo mana benci ta aika a sayo lemo.

"Hajiya, na san muryarki," ta ce. "Da shirinki nake ɗinki kullum. Ke ma kin zo ki ji in sake yi ne? Jiya wasu sun zo da waya suna cewa Madam, yi mana sau ɗaya."

"A'a, Madam. An ce in sa muryarki a shirina. Ni kuma ba na sa muryar mutum sai ya yarda, shi ya kawo ni."

Matar ta ce 'yarta ta daina zuwa makaranta, don da ta shiga aji ake fara rera abin. Ta ce ita kanta ta daina zuwa Kwari, aike take yi, kuma a coci kujerar baya take zama. Ba ta yi kuka ba. Tana magana tana warware wani ɗinki da reza.

Anti ta ce akwai wata hanya. In tana so, ta zo shirin da kanta ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, a kira 'yan kasuwar su shaida cewa ba ta ɗauki komai ba. Ni kaina na ga wannan ita ce mafita, don manaja zai samu abin da ya fi wanda ya nema, matar ta wanke sunanta, shirin kuma ya tsira.

"In na zo, za su yanko wani wurin su sa masa kiɗa," in ji ta. "Hajiya, ni ba na son a wanke ni. So nake a manta da ni."

Anti ta ce, "To, shi ke nan." Rikodar tana cikin jakarta, ba ta ma fito da ita ba. Ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma gaya mata abin da wannan amsa za ta jawo mata a wurin aiki ba. Ta sha lemonta, ta yaba wata riga da ke rataye, ta tambayi ko ana samun irin zaren a nan kusa, muka yi sallama.

A hanya na ce, "Anti, da kin gaya mata shirinki ne zai tafi, wataƙila da ta yarda."

"Shi ya sa ban gaya mata ba, ƙanwata. Da ta yarda don kunyata, ai ba yarda ba ce."

Na yi ta juya wannan magana. Aikinmu ya koya mana hanyoyi da yawa na sa mutum ya ce e, kuma Anti ta fi mu sanin su duka. Da murya kaɗai takan sa mai jin kunya ya saki baki. A shagon nan ba ta yi amfani da ko ɗaya ba. Kuma ban taɓa jin ta zagi masu rawa da sautin ba, ko ta yi wa wani wa'azi a kai. Da wata abokiyar aiki ta kunna shi a ofis, tashi kawai ta yi ta fita ta yi alwala.

Washegari ta shaida wa manaja cewa mai muryar ba ta yarda ba. Ya ce ya gode, kuma ya cika maganarsa. Ranar Juma'a ce ta zama ranarmu ta ƙarshe a filin yamma. An mayar da Anti wani shirin lafiya da ake naɗa a watsa da safiyar Lahadi, lokacin da ba kowa ke kunna rediyo ba, ni kuma na koma ɗakin labarai.

Na zaci za ta ce wani abu a cikin shirin ranar, ko da a kaikaice. Ba ta ce ba. Maganar tsadar ɗinkin Sallah muka yi, ta amsa wayoyi kamar kullum, ta yi wa wata amarya nasiha a kan girki har ta sa ni dariya. Da lokaci ya cika ta ce daga mako mai zuwa wasu matasa ne za su riƙe wannan fili, ta roƙi masu sauraro su ba su haɗin kai. Samarin suna tsaye a bakin ƙofa, sun kasa haɗa ido da ita. Ta cire abin saurare daga kunnenta ta miƙa wa babban, ta nuna masa inda wayarsa take yankewa in an ja ta da ƙarfi, ta ce Allah ya ba da sa'a. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce in yi sauri, kada magariba ta same mu a hanya.